Goggo, ba ni na ƙona Fada ba

Goggo ina wuni, ina gajiya. Na ji saƙonki tun da rana, inda kike tambaya wai da gaske ne na kusa ƙona Fada, wato limaminmu, ranar bikin cocinmu. To na ga gara in amsa da bakina a nan cikin gurup kowa ya ji, don zancen nan ya yi nisa. Jiya har wani ya tare ni yana tambaya wai motar 'yan kwana-kwana nawa ta zo. Haba jama'a! Garwashi ɗaya ne ya faɗi, ɗaya tak, kuma ko kusa da rigar Fada bai je ba. Cikin duk abin da ya faru ranar nan, nawa ne mafi ƙanƙanta, kawai dai ni aka gani da wuta a hannu.

Kin san bikin ranar 15 ga Agusta ne, ranar Ɗaukar Maryamu zuwa sama, tunda sunan da cocin ke ɗauke da shi ke nan. Mako uku muna gwaji. To tun kafin a fara Misa, wato babbar ibadar coci, abin ya soma karkacewa. An maƙala wa Fada ƙaramin makirufon nan marar waya a wuyan riga, mai kula da lasifika ya kunna don gwaji, ya tafi neman kujera ya manta. Coci ya cika maƙil, an yi tsit ana jiran waƙar shiga. Ni ina ƙofar baya ina hura gawayi. Sai kawai muryar Fada ta sauko daga sama: "Wa ya wanke farar rigar nan? Ta tsuke." Aka ɗan yi shiru. Sai muryar Katikis, mai koyar da addini a coci, a hankali, da ladabi: "Fada, rigar tana nan yadda take." Goggo, da dariya a ciki 'yan kwaya suka ɗauki waƙar shiga, har mai bada amo ya juya wa mutane baya yana share hawaye.

Yanzu ga nawa. Kaskon turaren nan da aka ba ni in riƙe sarƙa huɗu gare shi, uku suna riƙe da shi, ta huɗun ita ke ɗaga murfi. Tun gwajin farko na faɗa cewa ta huɗun tana sarƙewa, aka ce in yi haƙuri da ita, ta girme ni. Da aka zo karatun Bishara, Luka sura 1, inda Maryamu ta ziyarci Alisabatu, na ja sarƙar don Fada ya zuba turare, ta ƙi. Na sake ja da ɗan ƙarfi, murfin ya yi tsalle, garwashi ɗaya ya gangaro ya tsaya a bakin darduma. Da an bar ni, da takalmi zan take shi shi ke nan. Amma wani dattijo cikin masu tsaron ƙofa, Allah ya ja da ransa, ya taso a guje, ya sunkuci bokitin da ya gani kusa da bagade ya juye gaba ɗaya. Ruwan tsarki ne, Goggo. Wanda aka ajiye don sa wa siffar Maryamu albarka kafin zagaye.

Ba wanda ya sami zarafin gaya wa Fada. Bayan Misa ya zo gaban siffar, ya tsoma abin yayyafi a bokiti, muka ji ƙwal, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ya dubi bokiti, ya dube ni. Ni kuwa na dubi rufin coci. Sai ya ɗaga hannu ya yarfa haka nan, ko ɗigo babu, matan da ke layin gaba kuma suka sunkuyar da kai suka yi alamar gicciye kamar ruwa ya taɓa su. Wata ma har da shafa goshi.

Zagayen kuma, hmm. Mutum huɗu ne ke ɗaukar siffar a kafaɗa, kuma kwamiti ya zaɓe su ne bisa shekaru da daɗewa a coci, ba wanda ya tuna da tsawo. Uku dogaye, ɗaya kuma kin san shi, ba sai na faɗa ba. Tun daga ƙofa siffar ta jirkice gefen hagu, bawan Allah yana tafiya a kan yatsun ƙafa don ya kamo 'yan'uwansa. A kwanar farko kambin ya maƙale a igiyar tutocin ado. Taurari 12 ne a kambin, da aka ɓalle shi suka zama 11.

Tsarin shi ne a yi rosari, wato addu'ar carbi, sassanta da ake kira asiran ɗaukaka guda biyar, a kai na huɗu, wato ɗaukar Maryamun kanta, daidai lokacin da aka dawo bakin coci. Batirin lasifikar hannu ya mutu tun a asiri na farko. Daga nan kowa ya kama gabansa. Mutanen gaba suka gama biyar ɗin suka tsaya suna jira, na baya suna kan na biyu, 'yan kwaya a tsakiya suna waƙarsu dabam. Ni ina gaba da kasko marar wuta ina lilo da shi don kada a ce ban yi aiki ba.

Amma Goggo, abin da ya kamata a riƙa ba da labarinsa shi ne wasan yara. Malamar katikisma ta ɗauko karatun farko na ranar, Wahayin Yahaya sura 12: mace lulluɓe da rana, wata a ƙarƙashin ƙafafunta, ga kuma jan maciji mai kai bakwai da ƙaho goma. Ta sa yara bakwai ƙarƙashin jan ƙyalle ɗaya, kowa da kan kwali. Rigima ta fara tun a kan ƙahoni, don goma ba ta rabuwa bakwai daidai, uku suka sami biyu-biyu, huɗu suka sami ɗai-ɗai, masu ɗai-ɗai kuma ba su yafe ba. Maciji ya shigo fili yana faɗa da kansa. Kin san nassin ya ce wutsiyarsa ta share sulusin taurarin sama. To wannan wutsiyar teburin kyaututtuka ta share. Ana cikin haka kai na biyar ya ce fitsari yake ji, ya juya ya nufi bayan coci, biyun da ke bayansa ba su da zaɓi sai su bi shi, ƙyalle ya yage, maciji ya zama biyu.

Sai ga mala'ika Mika'ilu, ɗan shekara shida, da fikafikan takarda da takobin kwali. A gwaji jarumi ne. Ranar da ya ga kawuna huɗu sun nufo shi suna gurnani da gaske, ya yar da takobi ya fashe da kuka. Uwarsa tana layi na biyu. Goggo, ba ta tsaya tambaya ba. Ta cire takalmi ta shiga fili, maciji ya watse, kowane kai ya kama hanyarsa. Yarinyar da ke Maryamu kuwa tana nan tsaye a kan kujera, hannu a harɗe, ido a sama, ko motsi ba ta yi ba, don an ce mata kada ta motsa komai ya faru. Ni a ganina ita kaɗai ta yi aikinta daidai a duk bikin nan.

Don a kwantar da hankali Fada ya yi wa yara kacici-kacici, ya ce wa zai faɗi shekarar da aka tabbatar da wannan koyarwa ta ɗaukar Maryamu. Kafin wani yaro ya buɗe baki, dattijon nan na bokiti ya miƙe ya ce Paparoma Pius na 12 ne, ranar 1 ga Nuwamba, 1950. Daidai ne kuwa. Ya kuma tsaya sai an ba shi kyautar, littafin zane da fensirin kala. Ana miƙa masa ruwan sama ya sauko, kowa ya ɗauki kujerarsa a ka.

To Goggo, ki gaya wa Kawu ya daina ce mini mai gobara. Sannan Katikis ya ce in sanar a nan, kan maciji ɗaya bai dawo ba, duk wanda ɗansa ya je gida da shi ya maido, ana bukatarsa baɗi. Tauraron nan na 12 kuma a daina nema, an same shi cikin kwandon baiko lokacin ƙirga. A gaida mutan gida.