Kalmar "supernumerary" da ta hana ki barci

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce a takardar ɗaukar aikin da asibitin Ingila ya aiko miki an rubuta cewa za ki fara a matsayin "supernumerary", kin buɗe ƙamus ya ce miki "rara" ko "wanda ya wuce adadin da ake buƙata", shi ne hankalinki ya tashi, wai ko ba sa buƙatarki. Kwantar da hankalinki. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma bai taɓa yin aikin dare a asibiti ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, "super" wato sama, da "numerus" wato adadi. Likitoci na amfani da ita a kan duk abin da ya ƙaru a jiki, kamar ƙarin haƙori, ko yatsan nan na shida da muke kira cindo. A aikin jinya kuwa ma'anarta ita ce ba za a lissafa ki cikin ma'aikatan da ake buƙata a sashen ba. Idan jadawali ya ce nas huɗu za su riƙe sashe yau, huɗun nan dole su cika ba tare da ke ba. Aikinki ki bi wata ƙwararriya, ki kalla, ki tambaya, ki koya. Haka ɗaliban jinya na nan Ingila ma suke, ƙa'idar NMC ce, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista.

Dalili shi ne ba ki da lambar rajista tukuna. Ko shekara goma kika yi kina aiki a gida, sai kin ci jarrabawar OSCE, wato ta gwada aikin jinya a aikace, wadda tun 2021 ta koma zango 10. Ana so ki fara zama mata cikin mako 12 da kama aiki, ki kuma samu rajista cikin wata 8. Kafin nan yawanci a matakin albashi na 3 ko na 4 ake biyan mutum, sai lamba ta fito a ɗaga shi zuwa na 5.

Ga abin da takarda ba za ta gaya miki ba. Kalmar nan garkuwarki ce, kuma akwai masu son raba ki da ita. Inda na fara aiki, duk daren da wata ta bugo waya cewa ba ta da lafiya, sai shugabar sashe ta dube ni da murmushi ta ce ai ni tsohuwar hannu ce, in riƙe gadajen can na ƙarshe. Albashin mai koyo, nauyin mai lasisi, ga littattafan jarrabawa a jaka ko buɗewa ban yi ba. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Mu kuma an rene mu da kunyar ce wa babba a'a, sun kuwa gane hakan da wuri.

Kada ki yarda ki ba majinyaci magani ke kaɗai kafin lambarki ta fito, kowa ya sa ki. Ranar da aka samu kuskure, wadda ta yi miki murmushin ita ce za ta fara tambayar wa ya ba ki izini. Ki ce cikin ladabi, har yanzu ni supernumerary ce. Da sun ji kalmar daga bakinki za su san kin san abin da kika sa wa hannu.

Kafin ki amsa musu, ki tambaya a rubuce: tsawon wane lokaci za ki yi a wannan matsayi, wa za ki riƙa bi, kuma ko za a ƙara miki wasu makonni bayan rajista, don wannan ya danganta da asibiti. Ni yanzu sababbin zuwa nake horarwa, kuma ba a taɓa saka ɗaya daga cikinsu a lissafi ina kan aiki ba. Ki turo mini sauran shafukan takardar, musamman inda aka yi maganar kuɗin da za ki mayar musu idan kika bar aikin da wuri.