Sunana Baba ya rubuta a fom ɗin soja, yayana kuma ya riƙe takardu

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta saƙonki har sau biyu, rabinsa ma ba tambaya ba ce, labarin mahaifinki ne, yadda ya shiga soja yana saurayi ana tsaka da yaƙin basasa, yadda aka kwashe su zuwa Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990 ya bar ku a bariki kuna jiran wasiƙa, da yadda duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai ya sa kin goge masa takalmi kin karkaɗe hularsa ta 'yan mazan jiya, ya jera lambobinsa a ƙirji ya fita ko da ƙafar na damunsa. Ke kika yi jinyarsa har ƙarshe, don haka na gane dalilin da abin yake miki zafi. Amma fa amsar da zan ba ki ba lalle ta yi miki daɗi ba, kuma ki sani ban ga takarda ko ɗaya ba, da abin da kika faɗa kawai nake magana.

Kin ce sunanki ya rubuta a gurbin nan na fom da ake ce wa nes-of-kin, saboda haka duk haƙƙinsa na soja da kuɗin asusunsa naki ne. A'a, ba haka ba ne. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda mutane suke fassara gurbin da "magaji", alhali wanda aka rubuta ɗin shi ne dai wanda hukuma za ta nema idan wani abu ya faru, galibi kuma shi za a danƙa wa kuɗin. To danƙawa daban, mallaka daban. Idan an biya ta hannunki amana ce kika riƙe wa sauran magada, tunda Baba Musulmi ne kuma a jihar da kuke rabon gadonsa bisa shari'ar Musulunci ake yinsa, fom ɗin soja ba ya soke wannan. Akwai saɓani tsakanin malamai kan wasu kuɗaɗen da ake biya idan soja ya rasu a bakin aiki, ko gado ne ko kyautar gwamnati ce ga wanda ta ambata, amma Baba ya daɗe da ritaya, abin da ake magana a kansa ariyas ne na fanshonsa, wato wanda ba a biya shi ba yana raye, da kuɗin da ke banki, waɗannan kuwa dukiyarsa ce tun yana raye, da wuya wani alƙali ya ce ba gado ba ne.

Haka maganar gida. Kin ce ya sha faɗa a gaban mutane "gidan nan na wance ne". In kyauta yake nufi, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi sai an nuna ya sakar miki gidan kin karɓa yana da rai da lafiyarsa, shi kuwa a ciki ya zauna har Allah Ya yi masa rasuwa, to kin ga hujjar ta yi rauni sosai. In kuma wasiyya ce, ba a yin wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, ke kuwa 'ya ce. Ban ce ba ki da kowace ƙofa ba, in akwai rubutu da shaidu a duba, sai dai kar ki ɗora buri a kai.

Ga yadda lissafin yake, a misali kawai. Kin ce ya bar matan aure 2, 'ya'ya maza 3, 'ya'ya mata 4, iyayensa kuma sun riga shi. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, a ce naira miliyan 8 ta rage, iyayenku mata su raba tumunin takaba (kashi ɗaya cikin takwas), wato miliyan 1, kowacce dubu 500, sauran miliyan 7 a kasa 10, kowace 'ya dubu 700, kowane ɗa miliyan 1 da dubu 400. Kuɗin da kika kashe a asibiti kuwa, in da sunan rance kika bayar kuma akwai rasit ko shaida, ana iya lissafa shi cikin bashi kafin rabo. In don Allah kika yi wa mahaifinki, ladanki na wurin Allah, kotu ba ta da ma'aunin wannan.

Yanzu yayanku. Shi ma fa zama babban ɗa bai ba shi komai ba sama da kason namiji, kuma ni abin da ya fi tayar min da hankali a duk saƙon nan shi ne ya riƙe katin ATM na Baba yana ta cirar kuɗi bayan rasuwa. Wannan ba "kula da gida" ba ne kamar yadda yake cewa, taɓa dukiyar magada ne ba izini, cikinsu har da ƙananan yara marayu. Sannan fansho na mai rai ne, akwai dai tanadi ga wanda ya rasu cikin shekara 5 da ritaya, Baba kuwa ya wuce nan da nisa, to duk abin da ya ci gaba da shigowa bayan ranar rasuwa ana iya cewa a dawo da shi, kuma mai cira ne zai amsa tambaya. A samu mai faɗa masa wannan a nutse tun kafin ya ji daga bakin hukuma.

Sauran kuwa aikin yau da kullum ne. A karɓi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a sanar da banki a rubuce don su tsayar da asusun, a sanar da Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja da lambarsa ta soja da takardar sallamarsa. Banki yawanci zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotun jiha, wasu kuma suna karɓar umarnin kotun shari'ar Musulunci, ku tambayi bankin tukun. Sanar da bankin ke ma za ki iya, ba sai kin jira yayanki ba, ki riƙe kwafin da suka buga wa hatimi.

Kin tambaya ko ki maka shi a kotu. Kina da wannan damar, babbar kotun shari'ar Musulunci za ta saurari ƙarar rabon gado, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Amma ni ba nan zan fara ba. Shari'ar gado tsakanin 'yan uba takan ɗauki lokaci, a yi ta ɗage zama, kuɗin lauya da na mota su ci abin da ake faɗa a kai, ke kuma in kika shiga da da'awar komai naki ne, akwai yiwuwar ki fito da kason da tun farko za ki samu a zaure. Ku nemi ƙanin Baba ko wani dattijo da yayan naku yake jin nauyinsa, a kira malamin da ya san rabon gado, in ya ƙi zuwa a kai maganar ga mai unguwa ko Hisba in kuna da ita. A kawo bayanin asusu daga ranar rasuwa, abin da ya cira a zare daga kasonsa, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. In duk wannan ya ci tura, sai kotu, kuma lokacin ki zauna da lauya ya ga takardun da idonsa.

Lambobin yabon da hular da hoton nan nasa na Laberiya da kika ce ba za ki iya rabuwa da su ba, su ma a ƙa'ida cikin gado suke. Ki roƙi 'yan'uwanki a zaman sulhun su bar miki, ko a yi musu kuɗi a cire daga kasonki, kuma ki tabbata an sa shi cikin rubutun.