Albasar Fure A Bayan Gida: Ta Cancanci Kuɗin Adashin Hajiya?

Wata 'yar kasuwa daga Kaduna, mai sayar da atamfa da kayan kicin a cikin gida, ta aiko da tambaya. Ta kwashi adashin naira 300,000, tana da fili a bayan gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, ga kuma rijiya. Ta ga masu tallar albasar furanni 'yan waje a Instagram, su tulip da giladiyolas da amarilis, tana son ta zuba kuɗin duka ta shuka da faɗuwar damina, gida ya yi kyau, ta kuma riƙa sayarwa. Tambayarta ita ce ko akwai riba, kuma yaushe kuɗin zai dawo.

Hajiya, akwai riba, amma ba a daminar farko ba, kuma ba da kuɗin duka ba. A wannan sana'a furen da ido ke gani ba shi ne dukiyar ba. Dukiyar tana ƙarƙashin ƙasa, wato albasar da ke haihuwar 'ya'ya duk shekara. Wanda ya gane haka yakan sayi iri sau ɗaya ya yi ta ci, wanda bai gane ba kuwa kullum yana wurin mai sayar da iri.

Fara da cire tulip daga lissafi, da ita da dafodil da hayasin. Waɗannan sai sun kwana cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba na mako 12 zuwa 16 kafin su yi fure, shi ya sa suke albarka a ƙasar Holan, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da albasar fure. Sanyin hunturunmu na dare ne, rana na fitowa ƙasa ta ɗumama. Ko an saka su a firij, wutar da za ta riƙe shi wata uku ba yankewa wani kashe kuɗi ne, kuma in sun yi fure sau ɗaya shi ke nan, albasar ta tashi daga aiki. Abin da Turawa ke shukawa don bazararsu mai ɗumi shi ne ya dace da mu, domin yawancinsa asalinsa daga ƙasashe masu zafi ne.

Na fi ba ki shawarar tubaros a matsayin ginshiƙi. Asalinta daga Meziko ne, tana son zafi, furenta fari ne mai ƙamshin da ke tashi da yamma, har turare ake yi da shi. Ana binne ta zurfin santimita 5, tazarar santimita 25, ta yi fure bayan kwana 90 zuwa 120. Kunya mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 za ta ɗauki kai 80. Abin lura shi ne kan da ya yi fure ba ya sake yi, 'ya'yan da suka kewaye shi ne ke gadonsa, kuma gindi ɗaya mai lafiya yakan ba da goma ko fiye. Waɗanda kaurinsu ya kai santimita 2 su ne za su yi fure a zagaye na gaba, ƙananan kuwa a ware musu kunya su ƙara shekara.

Sai amarilis, wadda ita ce kayan tukunya mai tsada. Sai gwangwama, da ake raba saiwarta gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, a binne zurfin santimita 10 da tazarar rabin mita; ba ta da laulayi, kuma masu gyaran harabar otal da makarantu na sayenta da yawa. Akwai kuma ƙaramar lilin nan da ke buɗe fure kwana kaɗan bayan an sheƙa ruwa, wadda ke cika leda da 'ya'ya a damina ɗaya. Giladiyolas kyakkyawa ce, masu adon biki na nemanta, amma a Kaduna iska da ruwan Agusta na kayar da ita, zafin Maris kuma na ƙona ta. A Jos, inda tudun ya kai kusan mita 1,200, tana yi da damina. Ke kuwa ki jinkirta ta zuwa Oktoba da Nuwamba ki yi ban ruwa da rijiya: zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar santimita 15, fure bayan kwana 70 zuwa 90. Furen daliya ma a bar wa mutanen Jos.

Game da saye, zuwa da kai ya fi saƙo. Ki zaga wurin masu lambun furanni na bakin titi a Kaduna, in da hali ki leƙa Jos, ki sayi irin da ya riga ya saba da ƙasarmu. Ki ɗauki kowane kai a hannu. Mai kyau yana da nauyi da tauri. Ki danna gindinsa da babban yatsa, wurin da saiwa ke fitowa: in ya lotsa, ko ya yi ruwa-ruwa, ko kika ji wari, ko kika ga fumfuna, ajiye shi ko da kyauta ne. Araha ba ta ado a nan, domin ƙaramin kai ganye kawai zai ba ki a shekarar farko. Amarilis mai shirin fure kewayenta yakan kai santimita 26 zuwa sama, giladiyolas kuma 10 zuwa 12, kuma mai tudun kai ta fi shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wadda ta tsufa. Ki tambayi mai sayarwa yaushe aka tone ta, saboda giladiyolas da aka tona jiya ba za ta tsiro ba sai ta huta wata biyu zuwa uku. In aka binne ta da wuri sai ta zauna cikin danshi har ta ruɓe. In kuma daga waje za a kawo miki, doka ta ce sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da takardar shaidar lafiyar kayan. Mai tallar da ba zai iya nuna miki su ba, kada ki tura masa ko kwabo.

Babbar asarar da ake tafkawa a wannan harka ruɓewa ce, kuma a Agusta da Satumba take zuwa. Albasa rumbun abinci ce mai ruwa a jiki. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ko uku, iska ta yanke, ƙwayoyin cuta su shiga. Alamarta ganye ya fara rawaya daga ƙasa, in kika ja shi ya zare a hannunki da wari. Rigakafin yana wurin haɗa ƙasa: kwano biyu na ƙasar lambu, kwano ɗaya na yashin rafi mai kaushi, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ya daina wari da zafi. Ɓuntun shinkafa da aka babbake yana ƙara sakin ƙasa. Kunya ta tashi santimita 20 daga ƙasa, da hanyar da ruwa zai fita, kuma kada ta kasance ƙarƙashin indararo. Tukunya kuwa dole a huda gindinta, a ɗora ta kan bulo. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara da gwazarma. Kafin shuka ki jiƙa kawunan minti 20 zuwa 30 a ruwan maganin fumfuna na mankozeb, giram 2 zuwa 3 a kowace lita, su sha iska a inuwa. Duk inda wuƙa ta yanka wajen rabawa, a shafa toka a bari ya bushe kwana ɗaya.

Taki kaɗan ya isa. Cikin tafin hannu ɗaya na NPK 15-15-15, kimanin giram 50, ga kowace murabba'in mita bayan an tsiro da mako uku, a sake lokacin da kara ya fara leƙowa. Yuriya da yawa ganye take sa wa, fure ya ƙi zuwa, albasar kuma ta yi laushi ta kasa ajiyuwa. Haka ma inuwa: tubaros da giladiyolas da gwangwama suna bukatar rana ta awa shida, don haka gindin mangwaro ba wurinsu ba ne.

Yanzu batun kuɗi. Kada abin da za ki saka a shekarar farko ya wuce naira 100,000. Sauran 200,000 su ci gaba da juyawa a atamfa, inda kika san kan kasuwa kuma kuɗi ke dawowa cikin makonni, saboda a nan za ki yi wata uku zuwa huɗu kina kashewa ba shigowa. A cikin dubu ɗarin, kusan 40,000 iri, 25,000 tukwane da ledar reno, 15,000 yashi da taki da magani, 10,000 shinge don kaji da awaki, 10,000 kuɗin mota. Lissafin farashi kuma ga yadda ake yinsa, ki sauya alƙaluman da na kasuwar ranar da kika je. A ce kan amarilis ya tsaya miki 1,500, tukunya 800, ƙasa 200, ruwa da aiki 300, dako 200. Tukunya ɗaya ta ci 3,000, goma sun ci 30,000. To amma goman ba za su fita duka ba. Ki ɗauka biyu za su ruɓe ko su ƙi fure. Raba 30,000 gida takwas, kowace ta tsaya miki 3,750. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, su sayar a 3,500 suna murnar ribar ɗari biyar alhali uwar kuɗi suke ci. In kika sayar a 5,500, ribar takwas ɗin 14,000 ce. Ranar da irin ya zama na gonarki, kuɗin kai ya fita daga lissafi, tukunyar da ta tsaya 3,750 ta koma 1,875. Ki dai sani 'ya'yan amarilis sai sun yi shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure, tubaros da gwangwama da ƙaramar lili ne ke saurin cika miki fili.

Saboda haka kashi ɗaya cikin uku na duk abin da kika shuka ba na sayarwa ba ne, komai kuɗin da aka taya. Kamar kiwon akuya ne, ba a kai uwa kasuwa a zauna jiran 'ya'ya. Kuma bayan fure ya wuce kada a aske ganyen don tsafta. Ganyen ne ke ɗura wa albasar abincin baɗi. In za ki yanki karan giladiyolas ki bar ganye huɗu a gindi, ki ci gaba da ban ruwa mako shida, sannan ki tone, ki shanya a inuwa mako biyu zuwa uku, ki ɓamɓare tsohon kan da ya ƙanƙance a ƙasa, ki zuba a buhun raga ko kwando a ɗakin da ya fi sanyi. Leda tana sa gumi, gumi kuma ruɓewa ne. Ki riƙa dubawa duk mako biyu, musamman a Maris da Afrilu, ki fitar da duk wanda ya taɓu.

Masu saye iri uku ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen haɗari. Yankakken fure ga masu adon biki ya fi kawo kuɗi nan take, amma kwanansa bai wuce mako ɗaya ba, a zafi ma bai kai ba. Kada ki yanka sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ki yanka da sassafe lokacin da fure ɗaya ko biyu na ƙasa suka fara nuna launi, ki tsoma karan a bokitin ruwa nan da nan. Bashi a wannan kaya asara ce, don ba abin da za ki je ki karɓo. Tukunya mai fure ta fi kwanciyar hankali, kuma a sayar da ita tana ƙunshe, gab da buɗewa, don mai saye ya mori furen a gidansa ya dawo. Wanda na fi so miki shi ne haya: ki kai tukwane goma ko ashirin otal ko ɗakin taro ko ofis, a biya na mako ko na wata, in fure ya wuce ki ɗauko ki sauya da wasu. Albasar tana dawowa gida, 'ya'yanta naki ne. Ki rubuta a takarda tun farko nawa za a biya in tukunya ta fashe.

Lokaci kuma da baya-baya ake ƙirga shi. Ki sa ranar da kike son fure, ki koma baya da kwanakin da irin ke ɗauka. Sallah na matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, don haka ranar shukar bara ba ta yi wa bana. Kasuwar Disamba a Kaduna babba ce, ga bukukuwan aure ga Kirsimeti, kuma amarilis tana ba da haɗin kai: a tsakiyar Agusta ki janye tukwanen zuwa ƙarƙashin rufi, ki yanke musu ruwa mako 8 zuwa 10 har ganye ya bushe, a ƙarshen Oktoba ki sabunta ƙasar sama ki fara ban ruwa, fure ya fito bayan mako 6 zuwa 8. Wuyanta da kashi ɗaya cikin uku na kan su kasance a waje, tukunyar kuma kada ta fi kan faɗi da fiye da yatsu biyu ta kowane gefe. Giladiyolas da tubaros ki shuka su rukuni-rukuni duk mako biyu, don kada su buɗe rana ɗaya su fi ƙarfin masu saye.

Tunda gida ne mai yara da kicin, ki sani amarilis da albasar kwaɗi da kaladiyum, shukar ado mai ganye kala-kala, duk suna da dafi, kuma busasshen kan amarilis na kama da albasar miya. Kada a ajiye su a sito ɗaya da kayan abinci, a rubuta suna a jikin kowane buhu. Gatarin kurege, mai hawa da fure ja da rawaya, wanda wasu ke tonowa a daji su sayar, saiwarsa na iya kisa. In za ki riƙe shi, sai a bayan shinge, kuma ki faɗa wa duk wanda ya saya.

A daminar nan kunya biyu ta tubaros, layi ɗaya na gwangwama a jikin katanga, leda hamsin na ƙaramar lili da tukunya goma sha biyar na amarilis sun ishe ki, sauran filin ki bar wa giladiyolas ta Oktoba. Ki buɗe littafi dabam da na atamfa, kowane iri da shafinsa: ranar shuka, kai nawa, nawa suka tsiro, nawa suka yi fure, nawa aka sayar, 'ya'ya nawa aka tona. A watan Janairu irin da ya mayar da kuɗinsa ya kuma ninka kansa sau uku ko fiye, shi za ki ƙara wa kunya da jari daga cikin dubu ɗari biyun da kika riƙe.