Tsatsa a jikin Challenger da Mustang: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Malam, ina son sayen Dodge Challenger ta hannu, ƙirar 2012, ko kuma Ford Mustang sa'arta. An ce mini irin waɗannan motoci masu ƙaton inji tsatsa na cin su. Gaskiya ne, ko zancen tsoffin ƙira ne kawai?

Amsa: Rabin zancen na tsoffi ne. Motocin shekarun 1960 da 1970 ba su samu kariyar kirki ba, shi ya sa da yawansu suka ruɓe. Na yanzu ana lulluɓe ƙarfensu da zink, a tsoma bodin gaba ɗaya cikin fentin kariya kafin a fesa launi. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki.

Ni abin da nake fara tambaya shi ne inda motar ta yi zama, tun kafin shekararta ko nisan da ta ci. A jihohin Amurka irin su Mishigan da Ohayo da Niyok, gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma ruwan gishirin nan yana maƙalewa a ƙarƙashin mota ya yi ta ci a hankali. Motar da ta shekara 10 a busasshiyar jiha irin Arizona sau da yawa ta fi wadda ta yi hunturu 4 a Mishigan lafiyar ƙarfe. Ka ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, ka nemi tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci. Nan za ka ga inda aka yi mata rajista, da ko an taɓa rubuta cewa ambaliya ta shafe ta.

Challenger tana da wurin da masu ita suka daɗe suna kuka da shi, musamman ƙirar 2008 zuwa 2014: ƙasan bodi, daidai gaban tayar baya. Akwai wani soso da aka cusa a ciki don rage ƙara, shi kuwa yana riƙe danshi. Tsatsar daga ciki take farowa. Ka tsuguna, ka shafa wurin da tafin hannu. In ka ji fenti ya yi ƙuraje kamar bororon ƙuna, to ƙarfen da ke bayansa ya riga ya tafi. Goge shi da sake fenti ba ya magani, sai an yanke an yi walda.

Mustang ta 2005 zuwa 2014 kuwa bakin bonet ake dubawa. Alminiyom ne, ba ya jan tsatsa, sai dai fenti ya kumbura, ka ga farin gari a ƙarƙashi. Wannan da sauƙi, bonet ana canja shi.

Sauran aikin a ƙasa yake. A ɗaga maka motar, ka shiga da tocila. Jan tsatsa sama-sama a salansa ba abin tada hankali ba ne. Wadda ke ɓarewa falle-falle in ka taɓa da sukudireba, a bututun birki ko inda ƙafafun mota suka kama jiki, ita ce abin gudu. Ka ɗaga kafet ɗin but ka duba ramin taya ko ruwa na kwanciya. Ka bi ƙasan bodi da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe wataƙila an cika fila, wato abin toshe rami kafin fenti, amma ban da bonet ɗin Mustang, can dama ba zai kama ba. In kuma ka tarar an fesa wa ƙasan motar sabon baƙin fenti mai sheƙi, ka tambayi mai ita yaushe aka yi, kuma me aka rufe.