Motsa jiki a inda iskar oksijin ta yi ƙaranci

Ka tambaya ko yin atisaye a kan tsauni, inda oksijin ke da ƙaranci, yana ƙara illa ga ƙwayoyin jiki. E, yana ƙarawa. Tsoka idan tana aiki tuƙuru tana fitar da wasu burbushin oksijin masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma abin mamaki, ƙarancin iskar ƙara musu yawa yake yi.

Sai dai magana ce ta gwargwado. Idan burbushin ba su yi yawa ba, suna sa jiki ya ƙara ƙera nasa sinadaran kariya. Ni da na fara gudu a kan tsauni mai tsayin sama da mita 2,000, sai da na sassauta a makon farko kafin jikina ya saba.