Tarin da aka ɗauko a kogo: amsoshin likita ga masu shiga rami da masu ɗibar kashin jemage

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga masu aiki a ƙarƙashin ƙasa suka fito, ko daga iyalansu.

Likita, ina haƙar zinariya a Mayo-Rey. Itatuwan da muka tokare rami da su sun yi fari kamar auduga. Guba ce?

Fumfuna ce, ɗan'uwa, dangin wadda ke fitowa a kan kwanannen tuwo. Duhu da laima da iskar da ba ta motsi su ne abincinta. Mai lafiya ba ta cika yi masa illa ba. Abin tsoro shi ne tana cin itacen ta ciki, itacen da ya ruɓe kuwa ba ya riƙe ƙasa. Ku canja shi yau.

Ɗana mai shekara 19 ya je wani kogo a duwatsun Mandara da abokansa biyu, sun ɗebo kashin jemage don gonar albasa. Bayan kamar kwana 10 duka ukun suka kwanta da zazzaɓi da tari. Biyun sun tashi, nawa wata biyu ke nan yana ramewa. An ce mutanen kogon ne suka taɓa shi. Muna yi masa hayaƙi da kashin jemagen, kuma mai tebur ya ba mu deksa don ya ci abinci.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wasiƙarki ta hana ni sukuni, don haka ki yi haƙuri zan tsawaita.

Kafin komai, a daina hayaƙin nan daga yau. Abin da ya kwantar da yaron, shi ake sake tura masa a hanci safe da yamma, ke mai riƙe da kasko kina shaƙa, ƙannensa ma suna shaƙa. Wallahi raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an ba uwa irin wannan shawara.

Ga abin da nake zato. Akwai wata fumfuna da ake kira Histoplasma, wadda ke rayuwa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana taruwa. Ba irin ta kan itace ba ce da ido ke gani. Tana sakin 'ya'ya ƙanana ƙwarai, wasunsu sai an jera kusan 300 kafin su cika milimita ɗaya. Muddin ƙasar na kwance, su ma suna kwance. Da an sa shebur an fara cika buhu, sai su tashi da ƙura, kuma kogo ba shi da taga. Idan suka isa can cikin huhu, ɗumin jikin mutum yana sa su sauya kama, su shige cikin ƙwayoyin da aikinsu shi ne kare jiki, su hayayyafa a can. Ciwon yakan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17. Ki duba lissafinki: kwana 10, mutum uku, kogo ɗaya.

Ba sabon ciwo ba ne. Wani likitan Amurka, Samuel Darling, shi ya fara bayyana shi a Panama a 1906. A 1952 aka gano wani nau'insa na Afirka, wanda ya fi kama fata da ƙashi da kaluluwa, yana fitar da ƙuraje da maruru da ba sa jin maganin da aka saba. Daga baya masu bincike suka same shi a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a jihar Anambra ta Najeriya, nan maƙwabta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Histoplasma cikin fumfuna 19 da ta ce a sa musu ido.

Na san tambayar da ke ranki: in ciwo ne, me ya sa biyu suka warke? Haka yake yi. Mafi yawan waɗanda suka shaƙa ba sa ma sanin sun shaƙa, wasu su yi mako biyu kamar mura su miƙe. Wanda ya fi shan ƙura, wato mai shebur a can ƙurya, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, shi ciwon ke riƙewa. A nan deksa ta shigo. Deksametazon tana danne garkuwar jiki. Yaro zai ci abinci, fuska ta cika, a ce an samu sauƙi, alhali an buɗe wa fumfunar ƙofa ta bar huhu ta shiga hanta da saifa da ɓargo. Idan ta kai nan ba a yi magani ba, kisa take yi. Amma tunda ya ɗauki makonni yana sha, kada ki yanke masa ita rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, shi zai rage ta sannu a hankali.

Ban ce ki bar addu'a ba, ni ma ina yi masa. Ki yi ta a hanyar asibiti. Ki kai shi babban asibitin Mokolo ko na Marwa cikin wannan makon, kada ki jira kasuwa ta ci. Za a duba kakinsa don tarin fuka, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini har da na sida, wato cutar ƙanjamau. Kada gwajin sida ya ba ki kunya, ana yi wa duk mai irin wannan rama ne. Sannan ki faɗi wannan magana da bakinki, ko ba a tambaye ki ba: ya shiga kogon jemagu, ya ɗebi kashinsu. Ciwon nan yana kama da tarin fuka ƙwarai, a alamu da a hoto, kuma idan likita bai ji labarin kogo ba, abu ne mai sauƙi a ɗora yaro kan maganin tarin fuka na wata 6 wanda ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Maganinsa daban ne: itirakonazol na makonni ko watanni, in ya yi tsanani a fara da amfoterisin ta jijiya a kan gadon asibiti, sannan a ci gaba da ƙwaya har shekara. Ana warkewa. Idan numfashinsa ya fara sama-sama, ko ya rikice, ko jini ya fito, ko tsakar dare ne a tafi da shi.

Matar wanda ya kamu za ta iya ɗauka?

A'a, ƙanwata, ba ya bin tari daga mutum zuwa mutum. Sai dai har a tabbatar ba tarin fuka ba ne, wanda shi yana yaɗuwa, a bar taga a buɗe, yara su kwana wani ɗaki.

Na gama maganin tarin fuka shekara biyu da suka wuce, na koma aikin rami wajen Pala. Yanzu ina kakin jini, amma an gwada an ce babu tarin fuka.

Malam, kada ka zauna da wannan amsa. Tarin fuka yakan bar rami a huhu bayan ya warke. Wata fumfuna mai suna Aspergillus, wadda kowa ke shaƙa kullum kuma ta fi yawa a wuri mai laima da ruɓaɓɓen itace, takan samu wannan ramin ta dunƙule a ciki kamar curin fura, tana gurzar jijiyoyin jini. Ka koma asibiti, ka nemi sabon hoton ƙirji, ka tafi da tsohon katinka. Jinin da ya fara da cokali yana iya zuwa da kofi rana ɗaya. Ka dakata da shiga rami har an duba ka.

An ce daga fumfuna aka samo penisilin. Abokina yana kankaro ta bangon rami yana shafa wa miki.

Subhanallahi! Gaskiya ne Alexander Fleming ya lura da ita a 1928, amma nau'i guda ne cikin dubbai, kuma sai da aka yi fiye da shekara 10 ana tacewa kafin ta zama allura. Abin da abokinka ke shafawa ƙasa ce da kashin dabba, hanyar ruɓewar ƙafa da sandarewar jiki, wato tetanos. Ya wanke mikin da sabulu da tafasasshen ruwa, ya je a duba shi a yi masa rigakafi. In yana da ciwon suga, yau ɗin nan.

Mu a Kuri Bugudi rawani muke naɗewa, da yamma mu sha madara ta wanke ƙura. Ya isa?

Bai isa ba. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. A yankinku na Tibesti, arewacin Chadi, ƙasa ta bushe, don haka ƙurar dutsen da kuke daka ta fi fumfuna ba ni tsoro: tana taurara huhu, taurin ba ya komawa, kuma tana share wa tarin fuka hanya. Rawani yana tare yashi ne kawai. Ku nemi takunkumi mai alamar FFP2 ko N95 da ya kama fuska sosai, ku yayyafa ruwa kafin haƙa ko daka. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya sauko a gwada shi.

Jemagu sun cika rufin ajinmu. Mu sa ɗalibai su share?

Kada yaro ko mai ciki ko mai sida ya kusanci wurin. Babba mai takunkumi ya jiƙa kashin sharkaf, ya kwashe da shebur ba da tsintsiya ba, a ƙulle a buhu a binne. Bayan magariba, in jemagun sun fita, a toshe kafofin da suke shiga.