Goro ko kuɗi a bakin karofi

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi sau biyu. Da farko na yi dariya, a karo na biyu kuwa dariyar ba ta zo ba. Ka ce za ka ajiye aikin ofis ka zauna da masu rini a Ƙofar Mata ta Kano, ka koyi aikinsu, ka ɗauki hotunansu, sannan ka riƙa ɗinka ƙyallayen da ka rina a jikin hoton kana sayarwa, har kana tambaya ko al'ada ta wajabta maka kai goro wurin dattijon karofi, ko ka biya kuɗi kawai kamar baƙi masu yawon buɗe ido. A zamaninmu babu mai yin wannan tambaya, domin rini sana'ar gado ce, wanda bai gada ba kuwa ubansa ne yake kama hannunsa ya kai shi.

A 1964, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kakanka ya tafi da ni garin Kura sayen turkuɗi, rinannen zanen nan mai sheƙi, wanda yake sayar wa Buzayen da ke saukowa daga Agadas. Muna zaune a bakin karofi, warin baba, wato ganyen da ake rini da shi, ya cika mana hanci, sai ga wani mai hoto a kan keke, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin mayafin da yake cusa kansa ciki. Bai tsaya gaisuwa ba, ya hau kafa akwati. Akwai wani tsoho a wurin wanda tun da hantsi nake kallonsa, yana tsoma zane a rijiyar rini, yana ɗagowa kore shar, yana riƙe shi a iska har ya koma shuɗi a gaban idona, ya sake mayarwa, kuma ban ga ya yi gaggawa ko sau ɗaya ba. Mai hoton ya dube shi ya ce ya je ya wanke hannu, ya sa farar riga. Karofin ya kwashe da dariya, domin hannun da ya shekara arba'in cikin baba babu sabulun da zai fitar da shi. Da ƙyar kakanka ya lallashi tsohon ya tsaya yadda yake. Da muka koma bayan mako biyu hoton ya iso, baƙi da fari, hannuwan nan sun fito ƙirin kamar gawayi. Tsohon ya daɗe yana juya shi, sannan ya miƙa wa kakanka ya ce wannan maƙeri ne, shi bai san shi ba. Kakanka ya biya sule biyu ya sa hoton a aljihu.

A hanyarmu ta dawowa ya ce mini zuwa da kai ya fi saƙo, amma zuwan da babu sallama gara saƙon. Yakan kuma ce ruwan baba sai ya kwana ya kwana yake kama zane.

Karofin da kake magana an ce tun 1498 ake rini a cikinsa, yau kuwa rijiyoyi da dama sun bushe, galura a robobi ta kore baba da toka, ku kuma kuna wucewa kuna ɗaga waya a fuskar dattawa kamar kun ga ƙofar gari. Mu ma da laifinmu, tunda mun kai ku makaranta ba mu taɓa zaunar da ku a wurin ko na wuni ɗaya ba.

Kada ka rubuta takardar barin aiki tukuna. Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci, zan duba akwatin kakanka ko hoton yana nan, kuma mahaifiyarka ba ta ji wannan magana ba.